Halifa Abdullahi da Masu Aikin Albarushi na Umdurman

1. Yaro daga Darfur

Tun zamanin kakanni, mahajjatan ƙasar Hausa kan nufi gabas da ƙafa, ko bisa jakuna da raƙuma. Sukan ratsa Barno da Wadai, su shiga Darfur, su wuce Kurdufan, har su iske kogin Nilu. A inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, akwai birane biyu masu kallon juna, Hartum da Umdurman. Mutumin da ya mai da Umdurman babban birni shi ne Halifa Abdullahi. Ya yi mulki shekara 13, mutane suna rawar jiki in ya yi magana. Amma akwai abu guda da bai taɓa bin umurninsa ba, shi ne albarushi.

An haifi Abdullahi ɗan Muhammadu wajen shekarar 1846, a kudancin Darfur. Danginsa Ta'aisha ne, wato wani reshe na Larabawa makiyayan shanu da ake kira Baggara. Ubansa malami ne, mai yi wa mutane addu'a. A wannan zamani ƙasar Sudan tana hannun gwamnatin Masar. Haraji ya yi wa talakawa nauyi, masu karɓarsa kuma ba su da tausayi. A 1874 Darfur ma ta faɗa hannun Masar.

Sai gidan su Abdullahi suka yi ƙaura, suka nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Uban ya rasu bisa hanya. Wajen 1880 Abdullahi ya ji labarin wani shehi mai suna Muhammadu Ahmadu. Ya tafi nemansa, ba shi da kome sai jaki guda. Ya iske shi a ƙasar Jazira, tsakanin kogunan nan biyu, yana gina hubbaren malaminsa. Daga ran nan ya zama almajirinsa, bai sake rabuwa da shi ba.

2. Mashi da bindiga

A 1881, a tsibirin Aba, Muhammadu Ahmadu ya bayyana cewa shi ne Mahadi. Ya kira mutane su tashi su kori gwamnatin Masar. Mabiyansa ana ce musu Ansaru, tufarsu kuwa jibba ce mai faci. Labarinsa ya kai har ƙasashen yamma. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana cikin waɗanda suka yi masa mubaya'a ta wasiƙa. Mahadi ya naɗa halifofi uku, ya sa Abdullahi ya zama babbansu, ya ba shi baƙar tuta.

Da farko Ansaru ba su damu da bindiga ba. Da mashi da takobi suke yaƙi. A watan Satumba na 1882 suka auka wa garin Al-Ubayyid, babban birnin Kurdufan. Sojojin da ke cikin ganuwa suka buɗe musu wuta. Ansaru dubbai suka faɗi, ba su ci garin ba. Bayan wannan asara, Mahadi ya yarda a kafa rundunar ƴan bindiga, aka ba Hamdan Abu Anja jagorancinta. Garin ya miƙa wuya a watan Janairu na 1883. A watan Nuwamba kuma, a dajin Shekan, Ansaru suka hallaka wata babbar rundunar Masar, suka kwashe bindigogi da igwa da akwatunan harsashi.

A 1884 suka kewaye Hartum. Shugaban masu tsaron garin, Janar Gordon, Bature ne ɗan Ingila, wanda ya koyi aikin gina ganuwa da na nakiya tun yana ƙaramin hafsa. Ya sa aka binne nakiyoyi a bakin gari, suka riƙa tashi da masu kawo hari. Duk da haka yunwa ta ci ƙarfin mutanen Hartum. Ran 26 ga Janairu 1885 garin ya faɗi, aka kashe Gordon. Bayan wata biyar, ran 22 ga Yuni, Mahadi ya rasu. Abdullahi ya gaje shi.

3. Birni da kasuwarsa

Kafin zuwan Ansaru, Umdurman ƙaramin ƙauye ne a yammacin kogi. A 1886 Halifa ya umurci mutanen Hartum su bar gidajensu, su ƙetare su zauna kusa da shi. Aka riƙa kwaso tubali da ƙyamare daga Hartum ana gini da su. Aka gina ƙubba bisa kabarin Mahadi, da babban filin salla, da gidan Halifa. Cikin ƴan shekaru mutanen birnin suka wuce dubu 100.

A lokacin ne kasuwar Umdurman ta kafu. Kowace sana'a da layinta: ga masu dawa da dabino, ga mahauta, ga masaƙa da maɗinka, ga dukawa, ga maƙera masu ƙera mashi da takobi. Ana sayar da raƙuma da jakuna. Abin baƙin ciki, har bayi ana sayarwa a birnin. Halifa mutum ne mai tsanani. Wanda aka yanke wa hukuncin kisa, sau da yawa a filin kasuwa ake rataye shi, don kowa ya gani.

Amma albarushi ba a bar shi hannun ƴan kasuwa ba. An gina wani gida mai kaurin bango, ana ce masa Baitul Amana. A can ake ajiye bindigogi da harsashi da albarushi, dogarai suna gadi dare da rana. Halifa ya san wanda ya riƙe wannan gida, shi ya riƙe mulki.

4. Neman albarushi

Harsashin da aka samu ganima ba ya haihuwa. Kowane yaƙi sai ya rage shi. A 1889 kaɗai, Ansaru sun gwabza da Habasha a Gallabat, sun kuma yi yaƙi da sojan Masar a Tushki. A shekarar ce kuma aka shiga wata muguwar yunwa. Gwamnatin Masar da Turawan Ingila sun tsare hanyoyi, sun hana a shigo da kayan yaƙi. Dole Halifa ya nemi yin albarushi a gida.

Abu uku ake haɗawa a yi albarushi. Na farko gawayi. Na biyu farar wuta, wadda wasu ke kira kibiritu. Na uku wani irin gishiri ne da ake samu cikin ƙasar tsofaffin kufai da turaku. Yadda ake fid da shi ya yi kama da aikin masu gishiri na Foga da na Manga: a tara ƙasa, a zuba mata ruwa ya tsiyaye, a dafa ruwan har ya ƙafe. Wannan gishiri shi ke ba wutar albarushi iskar da take bukata. Shi ya sa ko an rufe albarushi cikin tukunya, in tartsatsi ya taɓa shi, sai ya ci gaba ɗaya kamar ƙiftawar ido. Zafi da hayaƙi su rasa hanyar fita, su fasa duk abin da ya tare su.

Ansaru jarumai ne, amma ba su san wannan sana'a ba. Sai Halifa ya juya ga fursunoni da tsofaffin ma'aikatan gwamnatin Masar. Akwai Lupton, ɗan Ingila, tsohon gwamnan lardin Baharul Gazal, wanda aka sa aikin harsashi har ya mutu a Umdurman a 1888. Akwai Karl Noifeld, wani ɗan kasuwa Bajamushe da aka kama a 1887. Ya yi shekaru cikin mari, sa'an nan aka tura shi wurin tace gishirin albarushi. Ana tsince kwankon harsashin da aka harba, a sake cika shi. Ana neman dalma ko'ina don yin kan harsashi.

Waɗannan mutane ba da son ransu suke aiki ba. Wasunsu ma ba su ƙware ba, sun dai ce sun iya don a cire musu mari. Saboda haka da yawa daga harsasan Umdurman ba su da ƙarfi, ba su kai inda ake so.

5. Ranar da ma'aikata ta tashi

A ƙarshe wani Bagirke da ke zaune a birnin ya dace da yin albarushi mai kyau. Halifa ya yi murna, ya ba shi ma'aikata da wurin aiki. Amma a farkon 1891, wata rana, mutanen Umdurman suka ji wata ƙara kamar aradu. Ma'aikatar albarushi ce ta tashi. Bagirken ya mutu nan take, shi da waɗansu masu taya shi aiki. Daga baya aka mai da aikin albarushi tsibirin Tuti, a tsakiyar kogi, nesa da cunkoson birni.

Tun da daɗewa masu wannan sana'a a duniya sun san ƙa'idodinta, kuma da rayukan mutane aka koye su. Ba a shiga wurin albarushi da wuta, ko fitila, ko taba. Ba a aiki da kayan baƙin ƙarfe, domin ƙarfe in ya bugi dutse yana fid da tartsatsi. Da itace ko tagulla ake aiki. Ba a sa takalmi mai ƙusa. Ba a tara albarushi mai yawa a ɗaki guda. Ba a gina ma'aikatarsa kusa da gidaje ko kasuwa. Kuma ba a yin aikin cikin gaggawa, ko da wa ya ce a yi sauri.

6. Nakiya cikin kogi

A 1896 sojojin Masar da na Ingila suka taso daga arewa don su ƙwace Sudan. Shugabansu Janar Kicina ne. Bai yi garaje ba. Ya shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa cikin hamada, daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, don kayan yaƙi su riƙa iske shi. Yana kuma da jiragen ruwa masu ɗauke da igwa. A ƙasashen Turai kuwa sana'ar nakiya ta riga ta yi nisa. Tun 1867 Alfred Nobel, ɗan ƙasar Suwidin, ya ƙago dinamit. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙago albarushi marar hayaƙi.

A watan Agusta na 1898 abokan gaba suka kusato. Halifa ya ga jiragen nan su ne babban haɗari. Ya sa aka fito da wani tsohon hafsan sojan Masar daga kurkuku, ya umurce shi ya dasa nakiya cikin kogi. Winston Carcil, wanda a lokacin ƙaramin hafsa ne cikin rundunar Kicina, ya rubuta yadda abin ya faru. An cika wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da albarushi, aka sa ƙaramar bindiga a ciki, aka ɗaura igiya ga kunamarta. Niyyarsu ita ce, in jirgin abokan gaba ya zo bisa tukunyar, sai a ja igiya daga nesa. Aka ɗora tukunyar a wani jirgi mai suna Isma'iliyya, aka kai ta tsakiyar ruwa. Ana cikin saukar da ita, sai igiyar ta jawu. Nakiyar ta tashi, ta farfasa jirgin, ta kashe hafsan da mutanen da ke tare da shi.

Halifa bai saduda ba. Ya umurci amirin da ke kula da kayan yaƙi ya dasa ta biyu. Amirin ya ga abin da ya sami na farko, amma yana tsoron ya ce ba zai iya ba. Sai ya yi dabara: ya bar ruwa ya shiga tukunyar a ɓoye, albarushin ya jiƙe. Ya dasa ta lafiya lau, Halifa ya yi masa kyauta. Nakiyar ta kwanta ƙarƙashin ruwa, ba ta da wani amfani. Ta farko ta kashe masu ita don rashin sani. Ta biyu ta yaudari mai ita, don tsoro ya hana a gaya masa gaskiya.

7. Yaƙin Karari

Ran 1 ga Satumba 1898 jiragen Kicina suka iso, ba abin da ya tare su. Harsasan igwa masu sabuwar nakiya suka huda ƙubbar Mahadi. Kashegari, ran 2 ga Satumba, rundunonin biyu suka haɗu a filin Karari, arewa da Umdurman. Halifa yana da mayaƙa wajen dubu 50, Kicina kuwa wajen dubu 25. Ansaru suka taso da tutoci, ba su ja da baya ba. Amma igwa da bindigogi masu aman wuta suka tare su tun daga nesa. Kafin azahar Ansaru wajen dubu 10 sun mutu. A wajen Kicina waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Har abokan gaba sun shaidi jaruntakar Ansaru a ran nan.

Halifa ya fice ya nufi Kurdufan. Turawa suka shiga birni, suka kwance wa Noifeld mari, suka rushe ƙubbar Mahadi. Sai a 1947 aka sake gina ta. Ran 24 ga Nuwamba 1899 sojoji suka cim ma Halifa a Ummu Dibaikarat. Da ya ga babu sauran nasara, bai gudu ba. Ya zauna bisa buzunsa, amiransa suna dama da hagu, har harsashi ya same su. An mai da gidansa na Umdurman gidan tarihi a 1928.

Mutanen Sudan sun sha bamban a kansa. Wasu suna tuna tsananinsa da wahalar da aka sha a zamaninsa. Wasu suna yaba masa don ya tsare ƙasarsa daga baƙi shekara 13, ya kuma mutu bai miƙa wuya ba. Kasuwar da ta kafu a zamaninsa ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin Sudan. Hausawa da Fulani da yawa sun ci kasuwa a cikinta, musamman bayan 1903, lokacin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira zuwa gabas.

8. Mai tada nakiya a yau

Nakiya ba ta yaƙi kaɗai ba ce. Da ita ake fasa dutse don yin hanya, da gada, da madatsar ruwa. Da ita ake buɗe ramin ma'adinai, kamar a Arlit, inda aka fara fid da uraniyom a 1971. Mai wannan aiki ana ce masa mai tada nakiya, da Faransanci kuwa boutefeu. Ba kowa ke yin sa ba, sai wanda ya yi koyo, ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi izini.

Ga abin da ke wuyansa. Yakan ƙidaya nakiyar da ya ɗauko daga rumbu, ya rubuta. Yakan ajiye nakiya dabam, abin tada ta dabam. Yakan duba ramukan da aka huda cikin dutse kafin ya cika su. Yakan kori mutane da dabbobi, ya sa masu gadi a kowace hanya, a busa ƙaho don kowa ya ji. Shi kaɗai ke riƙe mabuɗin na'urar tadawa. In wani rami bai tashi ba, ba ya rugawa ya leƙa, sai ya jira lokacin da doka ta yanka. Shi ne na farkon komawa wurin, kuma ba mai shiga sai ya ce an gama. Abin da ya rage, yakan mai da shi rumbu, ya sake rubutawa.

Akwai wani nauyi da ya fi waɗannan duka. In ya ga haɗari, dole ya tsai da aiki ya faɗi gaskiya, ko da shugabansa yana gaggawa. Abin da masu aikin Halifa suka rasa ke nan: suna da mai ba su umurni, amma ba su da cikakken sani, ba su kuma da ikon cewa a dakata.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya yi wa Hartum da Umdurman ɓarna mai yawa, har da kasuwar. Ya bar harsasai da bama-baman da ba su tashi ba cikin gidaje da tituna da makarantu. Masu kwance nakiya ne ke bi sannu a hankali suna tsince su. A Nijar ma akwai wuraren da aka taɓa binne nakiya, kamar yankin Ayar da na Difa. Saboda haka yaron da ya ga wani baƙon ƙarfe a daji ko cikin kufai, kada ya taɓa shi, kada ya jefe shi, kada ya kai shi wurin masu sayen ƙarfe. Ya koma ta hanyar da ya biyo, ya gaya wa malaminsa, ko maigari, ko jandarma.

Ma'anar kalmomi

Halifa: wanda ya gaji shugaba bayan rasuwarsa.
Hubbare: ginin da ake yi bisa kabarin babban malami.
Mubaya'a: alkawarin yi wa shugaba biyayya.
Igwa: babbar bindiga mai harba ƙaton harsashi.
Mari: sarƙar ƙarfe da ake sa wa fursuna a ƙafa.
Kufai: wurin da mutane suka taɓa zama suka tashi.
Amir: shugaban wani sashe na mayaƙa.
Buzu: fatar rago da ake salla bisa kanta.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Halifa Abdullahi, kuma me ya raba danginsa da ƙasarsu?
2. Wane darasi Ansaru suka koya a Al-Ubayyid a 1882?
3. Me ya sa ba a ajiye albarushi a kasuwar Umdurman ba?
4. Don me ba a aiki da kayan baƙin ƙarfe a wurin albarushi?
5. Me ya sami nakiya ta farko da ta biyu da aka kai kogi?
6. Kawo ayyuka huɗu na mai tada nakiya.
7. Me ya kamata yaro ya yi in ya ga baƙon ƙarfe a daji?

Aiki: a duba taswirar Afirka, a nuna hanyar mahajjata daga Damagaram zuwa Umdurman, a rubuta sunayen ƙasashen da take ratsawa.